Yadda na bi ƙafa gaɓa-gaɓa har na gano tsokar da ta gajarce

Ƙorafi biyu mutumin ya shigo da su. Dunduniyarsa ta dama tana yi masa zafi da zarar ya taka ƙasa da safe, sannan bayan cinyarsa yana ja duk lokacin da ya ƙara gudu a filin ƙwallo. Ya ce wata uku ke nan yana miƙa bayan cinyar safe da yamma, amma babu sauƙi. Kafin in taɓa shi na tanadi gadon gwaji mai tauri, da ma'aunin kusurwa mai hannu biyu, da alƙalamin sa alama a fata, da takarda. Gado mai laushi yana ɓata awo, domin ƙugu yana nutsewa a ciki, sai ya juya ba tare da an lura ba.

Na fara da duba abin da zai hana a ci gaba. Na shafa sha-raɓarsa in ji ko ta kumbura ko ta yi ɗumi, saboda gudan jini a jijiyar ƙafa ba abin miƙawa ba ne, abin gaggawa ne. Na sa shi ya kwanta rub da ciki, na matse naman sha-raɓar da hannu, tafin ƙafar ya motsa ƙasa kamar yadda ya kamata. Wannan ya nuna agararsa ba ta tsinke ba.

Dukan aikin da ya biyo baya ya dogara ne a kan abu ɗaya. Tsokokin ƙafa iri biyu ne. Akwai wadda ta tsallake gaɓa ɗaya tak: soliyas a ƙarƙashin sha-raɓa, da tsokokin bastus guda uku a gaban cinya, da babbar tsokar mazaunai wadda yawancin aikinta a ƙugu yake. Akwai kuma wadda ta tsallake gaɓa biyu. Manyansu uku ne: gastiroknimiyas, wadda ta taso daga ƙasan ƙashin cinya ta bi bayan gwiwa ta sauka a dunduniya, rektus femoris, wadda ta taso daga gaban ƙashin ƙugu ta bi ta ƙoƙon gwiwa ta sauka a ƙwauri, sai hamstirin, masu tasowa daga ƙashin da ake zama a kansa su sauka a ƙasan gwiwa ta baya. Tsoka mai gaɓa biyu ba ta da tsawon da zai ishi gaɓoɓin biyu a lokaci guda. Idan aka ja ta a wannan gaɓa, sai ta rage wa waccan. Saboda haka ba na auna gaɓa sau ɗaya. Ina auna ta, in canza zaman maƙwabciyarta, in sake aunawa. Idan awon ya canza, mai gaɓa biyu ce ke riƙe da ita. Idan bai canza ba, sai a nemi mai gaɓa ɗaya, ko gaɓar kanta.

Daga idon sawu na soma. Ya kwanta rigingine, gwiwa a miƙe. Na sa alama a kan ƙashin da ya ɓullo a gefen gwiwa ta waje, da kan idon sawu na waje, da gefen tafin ƙafa wajen ƙaramar yatsa. Na riƙe dunduniya da hannu ɗaya ta tsaya daidai, ba ta karkata ciki ko waje ba, ɗaya hannun kuma na ɗan juya gaban ƙafar ciki don tsakiyar tafin ya kulle. Na ce, "Malam, ka saki ƙafar gaba ɗaya, kada ka taya ni." Sannan na tura tafin sama wajen ƙwauri har na ji ya tsaya. Ya tsaya daidai a kusurwar digiri 90 tsakanin ƙwauri da tafin ƙafa, wato bai wuce tsaka-tsaki ko da digiri ɗaya ba. Ban saki riƙon ba na lanƙwasa gwiwar zuwa digiri 90, na sake turawa da ƙarfi iri ɗaya. Nan take tafin ya ƙara tafiya digiri 15.

Wannan gwaji sunan Nils Silfverskiöld yake ɗauke da shi, likitan ƙashi ɗan ƙasar Suwidin da ya bayyana shi a shekarun 1920. Hikimarsa mai sauƙi ce. Gastiroknimiyas da soliyas agara ɗaya suke haɗuwa a kai, amma gastiroknimiyas ce kawai ta haura gwiwa. Lanƙwasa gwiwa yana sassauta ta, soliyas kuwa ko a jikinta. Tunda sassautawar ta buɗe idon sawun, ta sama ce ta gajarce. Da a ce ya tsaya a wuri guda a duka biyun, da na koma kan soliyas, ko agarar kanta, ko ƙashi da ke tokare gaban gaɓar. Hannu yana bambanta su: tsoka tana tsayawa da ɗan santsi kamar roba, ƙashi kuwa yana tsayawa cak.

Kuskure uku ne ke lalata wannan awo, kuma na ga kowannensu ya sa an yanke hukunci ba daidai ba. Na farko, barin tsakiyar tafin ƙafa ya karye. Idan ba a kulle shi ba, ƙananan gaɓoɓin tsakiyar tafin su ne za su lanƙwashe, sai a rubuta digiri 10 alhali idon sawun bai motsa ba. Na biyu, mai jinya ya taya da tsokar gaban ƙwauri. Idan ta yi aiki, ta baya tana saki, sai awon ya fi na gaskiya. Na uku, a tura da ƙarfi a awon farko, a tura a hankali a na biyu. Shi ya sa nake maimaita kowane awo sau uku, in kuma auna ɗaya ƙafar don kwatance. Ta hagunsa ta ba da digiri 8 da gwiwa a miƙe.

Abin da ya sa wannan digirin ke da nauyi shi ne tafiya kanta. A ƙarshen taku, lokacin da jiki ya wuce kan ƙafar da ke ƙasa, gwiwa tana kusan miƙewa, idon sawu kuma yana bukatar kimanin digiri 10 na lanƙwasa sama. Wato a daidai lokacin ne ake jan gastiroknimiyas ta kai biyu. Idan ba ta bayar ba, jiki zai nemi hanya: dunduniya ta tashi da wuri, ko ƙafa ta juya waje, ko bakan tafin ƙafa ya rushe. Na sa shi ya yi tafiya ina kallo ta baya, na ga ƙafar dama tana buɗewa waje fiye da ta hagu, dunduniyar kuma tana barin ƙasa kafin lokacinta. Nauyin da ya kamata idon sawu ya ɗauka yana sauka a kan faffaɗar jijiyar da ke shimfiɗe daga dunduniya zuwa yatsu, kuma a bakinta yake jin zafin safiyar nan.

Ƙarfi kuma na gwada shi ta hanya biyu. Ya tsaya da ƙafa ɗaya, yatsun hannu a jikin bango don kada ya faɗi, yana ɗaga dunduniya har ƙarshe yana saukewa. Babba mai lafiya ana sa ran ya yi 20 zuwa 25. Da gwiwa a miƙe ya yi 22. Da ya lanƙwasa gwiwar, inda soliyas ke ɗaukar kaso mafi yawa, a 12 tsayin ɗagawar ya fara raguwa. Mai gudu ba ya raina wannan, don soliyas tana cikin tsokokin da suka fi ɗaukar nauyi a kowane taku na gudu.

Sai gaban cinya. Na sa shi ya zauna a bakin gadon sosai, ya rungume gwiwar hagu a ƙirji, na tallafe shi ya kwanta baya, ƙafar dama tana reto. Asalin wannan gwaji na Hugh Owen Thomas ne, likitan ƙashi na Birtaniya a ƙarni na 19, wannan kuwa sigarsa ce da aka faɗaɗa. Hannuna ɗaya yana ƙarƙashin bayansa don in tabbata gadon baya ya kwanta a kan gado. Nan ne yawancin masu gwaji ke sakaci. Idan ya rungume gwiwar da yawa, ƙugu zai juya baya ya ɗaga cinyar da ke reto, sai a ce tsoka ta gajarce alhali lafiyarta ƙalau. Idan kuma bai rungume sosai ba, baya zai gantsare ya ɓoye gajartar.

Abu uku nake kallo. Ko cinya ta sauka daidai da gado. Ko gwiwa ta lanƙwashe da kanta zuwa kimanin digiri 80. Ko cinyar ta zame waje. Tasa ta tsaya sama da gado kaɗan, gwiwar kuma a digiri 55 ta tsaya. Na ɗaga ƙwaurin na miƙe gwiwar, sai cinyar ta sauka ta kwanta. Na sake lanƙwasa gwiwar, ta sake tashi. Amsar ta fito ke nan: rektus femoris ce, ba iliyosowas ba, wato tsokar nan mai zurfi da ke lanƙwasa ƙugu wadda ba ta kai gwiwa ba. Da iliyosowas ce, miƙe gwiwa ba zai saukar da cinyar ba. Don in ƙara tabbatarwa na juya shi rub da ciki, na ɗora tafin hannuna a kan ƙashin ƙugunsa, na kai dunduniya wajen mazaunai a hankali. Kafin gwiwa ta wuce digiri 110 na ji ƙugun yana tasowa a ƙarƙashin hannuna. Tsokar ta ƙare, ta fara jan ƙashin da ta taso daga gare shi.

Bayan cinya, inda shi ya fi damuwa, nan na fi daɗewa. Ya kwanta rigingine, na ɗaga ƙafar a miƙe, ɗaya hannun a kan ƙashin ƙugu ina jiran lokacin da zai fara juyawa. A digiri 70 ya fara. Sannan na lanƙwasa ƙugu zuwa 90, na riƙe cinyar a tsaye, na miƙe gwiwar a hankali; saura digiri 20 ta miƙe sarai ta tsaya. Waɗannan duka suna bakin iyakar abin da ake ɗauka daidai ne, kuma kusan haka ƙafar hagu ta bayar. A daidai inda ya ce yana jin ja, na tura tafin ƙafarsa sama, na kuma sa shi ya sunkuyar da kai. Jan bai ƙaru ba, bai kuma sauka zuwa ƙwauri ba. Wannan mataki ba a tsallake shi, domin babbar jijiyar saƙo da ke saukowa daga baya ta bi bayan cinya tana iya ba da ja iri ɗaya, kuma wanda ya dage da miƙa ta yana ƙara fusata ta ne. Sunkuyar da kai ba ya canza tsawon hamstirin ko kaɗan, amma yana jan jijiyar.

To, hamstirin ɗinsa ba su gajarce ba. Me ya sa yake jin suna ja? Da ya miƙe tsaye na sa yatsu a kan ƙasusuwan ƙugunsa na gaba da na baya, na ga ƙugun ya kife gaba. Idan ƙugu ya kife gaba, ƙashin zama yana ɗagawa ta baya, sai ya ja hamstirin tun mutum bai motsa ba. Tsoka ce da ake ja dama, shi kuma wata uku yana ƙara jan ta. Da na gwada ƙarfinta a wurin da ta fi tsawo, ƙugu a lanƙwashe, gwiwa kusan a miƙe, na ce ya danna dunduniya ƙasa a kan hannuna, ta dama ta yi rauni ƙwarai a kan ta hagu, kuma a nan zafin ya fito. Wannan shi ne zaman da ƙafa ke yi a gudu mai sauri kafin ta taɓa ƙasa: cinya ta yi gaba, ƙwauri yana wurgawa gaba, hamstirin suna taka masa birki alhali ana jan su ta ƙugu da ta gwiwa a lokaci guda. A wannan ɗan lokaci ne suka fi yagewa, kuma dogon reshen baisef femoris, wato hamstirin ɗin da ke gefen waje, shi ya fi shan wannan rauni. Haka abin yake ga sauran biyun. Rektus femoris tana yagewa a bugun ƙwallo, lokacin da cinya ta koma baya gwiwa kuma a naɗe. Kan gastiroknimiyas na ciki yana yagewa idan aka yunƙura gaba da gwiwa a miƙe, dunduniya a ƙasa. Duk wanda ya daɗe yana ganin raunukan 'yan wasa ya san masu gaɓa biyu ne ke cika layin.

Akwai ɗaya gefen lamarin da na nuna masa a jikinsa. Yana rub da ciki na ce ya naɗe gwiwa da kansa iya ƙarfinsa. Ya kai wajen digiri 120 ya tsaya, bayan cinyar ya fara ɗaurewa. Yana rigingine kuwa, da cinya a ƙirji, ya wuce haka cikin sauƙi. Dalili biyu ne suka haɗu. A rub da ciki hamstirin sun riga sun tattaru ta ƙugu, don haka babu sauran wurin da za su ƙara tattaruwa su ba da ƙarfi, ga kuma rektus femoris tana ja ta gaba. Tsoka tana ba da mafi yawan ƙarfinta ne a matsakaicin tsawo. Idan ta tattaru da yawa, ƙarfin ya faɗi.

Daga nan na sa shi ya zauna a kujera, hannunsa ɗaya a gaban cinya, ɗaya a baya, ya miƙe tsaye a hankali. Ya ɗago ya dube ni, ya ce duka biyun sun yi tauri. Abin da Warren Lombard, masanin aikin jiki ɗan Amurka, ya yi rubutu a kai ke nan a 1903. A ido kamar ya kamata su soke juna, tunda rektus femoris tana lanƙwasa ƙugu tana miƙe gwiwa, hamstirin kuma akasin haka suke yi. Amma ƙarfin da tsoka ke da shi a kan gaɓa ya danganta da nisan layinta daga tsakiyar gaɓar, kamar ƙofa: mai tura ta daga bakin mariƙi ya fi mai turawa kusa da inda aka maƙala ta. Hamstirin sun fi nisa daga tsakiyar ƙugu fiye da tsakiyar gwiwa, rektus femoris kuma ta fi nisa a gwiwa. Kowacce ta yi rinjaye a inda ake bukatarta, sai ƙugu da gwiwa suka miƙe tare.

A wannan tashi, tsawon masu gaɓa biyu ba ya canzawa sosai, domin abin da suka rasa a wannan kai suna samu a wancan. Masu gaɓa ɗaya ne ke tattaruwa da gaske su samar da aikin: tsokar mazaunai a ƙugu, bastus a gwiwa, soliyas a idon sawu. Masu gaɓa biyu kuwa sun fi kama da igiya mai rai wadda ke kai ƙarfin wata gaɓa zuwa ta gaba, tana kuma daidaita inda ƙafa ke tura ƙasa. Gerrit Jan van Ingen Schenau da abokan aikinsa a Amsterdam ta ƙasar Holan sun bayyana wannan a kan tsalle a shekarun 1980. Ƙugu ne ke fara miƙewa, sai gwiwa, sai idon sawu. Yayin da gwiwa ke miƙewa da sauri, tana jan gastiroknimiyas ta sama, ita kuma ta ja dunduniya, sai wani kaso na ƙarfin manyan tsokokin cinya ya fito a idon sawu. Ta haka nama mai nauyi ya zauna a sama kusa da jiki, ƙasan ƙafa ya zama mara nauyi mai saurin wurgawa. A ganina wannan ne ya fi komai ban sha'awa a ginin ƙafa, kuma shi ya sa gyaran tsoka guda ba tare da duba maƙwabtanta ba yakan tashi a banza.

Abin da na rubuta masa daga awon nan ya fito kai tsaye. Miƙa bayan cinya, a daina. Gastiroknimiyas a miƙa ta a jikin bango: ƙafar dama a baya, gwiwa a miƙe sarai, dunduniya a ƙasa, yatsu suna kallon bango ba waje ba, daƙiƙa 30 sau uku, safe da yamma. Idan ƙafar ta juya waje ko gwiwa ta ɗan lanƙwashe, tsokar ta kuɓuce, bakan tafin ƙafa ne ke shan jan. Rektus femoris a durƙushe a kan gwiwar dama da abu mai laushi a ƙarƙashi, a matse mazaunai a mayar da ƙugu baya tukuna, sannan a ɗago dunduniya. Wanda ya gantsare baya ya saki tsokar ta sama, bai miƙa komai ba.

Ƙarfafawa kuma kowace tsoka da zamanta. Soliyas, ɗaga dunduniya da gwiwa a lanƙwashe, a zaune da nauyi a kan cinya, zagaye uku na 12 zuwa 15. Tsokar mazaunai, a kwanta rigingine a ɗaga ƙugu, dunduniya kusa da mazaunai don hamstirin su sassauta su bar mata aikin. Idan aka tura ƙafa nesa, aikin ya koma bayan cinya. Hamstirin kuwa a inda suka yi rauni za a ƙarfafa su, wato a tsawonsu: a tsaya, gwiwa a ɗan sake, a sunkuya daga ƙugu da baya a miƙe, a sauka cikin daƙiƙa uku, a taso. Da farko babu nauyi, zagaye biyu na 8, sau biyu a mako, kuma ba a wuce inda zafi ya fara. Na ja masa kunne cewa tsugunne da nauyi, duk amfaninsa ga bastus da mazaunai, ba zai wadatar da hamstirin ko rektus femoris ba, saboda dalilin nan da ya ji da hannunsa a kan kujera: tsawonsu ba ya canzawa sosai a ciki. Gudu mai sauri sai ƙarfin ƙafar dama ya kusa kamo na hagu a gwajin nan na danna dunduniya, kuma babu zafi.

Na sa masa mako shida ya dawo. A takardar na rubuta kowane awo tare da zaman da aka ɗauke shi: gwiwa a miƙe ko a naɗe, rigingine ko rub da ciki, wace ƙafa, da inda na sa alama a fata. Idan ya dawo, gado ɗaya, alama ɗaya, jeri ɗaya zan bi, in fara da idon sawun dama da gwiwa a miƙe, in ga ko ya tashi daga sifili ya doshi digiri 10.